Idi-Araba ba sunan Malam Idi ba ne: yadda ake karanta sunayen unguwannin Legas

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, shekarata 11 a Legas. Gardama ce ta kaure tsakanina da maƙwabcin rumfata. Shi ya dage cewa Idi-Araba da Sango da Alausa da Obalende duk sunayen Hausa ne, wai Idi-Araba ma wani Malam Idi ne ya fara zama a wurin. Ni kuwa na ce Yarabanci ne duka. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma shin sunan wuri yana nuna al'adar mutane da addininsu, ko dai suna ne kawai?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Tambayarka biyu ce a goye: daga wane harshe sunayen nan huɗu suka fito, sannan me sunan wuri yake iya shaidawa game da waɗanda suka raɗa shi. Kai da maƙwabcinka kowa ya kama wani gefe na gaskiya. Idi-Araba Yarabanci ne tsantsa. Obalende ma Yarabanci ne, sai dai labarin mutanenmu ne aka faɗa da bakin Yarbawa. Sango kalmarmu ce da ta sauya kama a bakin baƙo. Alausa kuwa tana karɓar fassara biyu, ita zan bari sai can gaba.

Kunne yana yaudarar mai shi

Duk wanda ya ji kalmar wani harshe, abin da kunnensa ke fara yi shi ne laluben wadda ta yi kama da ita a harshensa. Bahaushe ya ji Idi-Araba, nan take sai Idi ya faɗo masa, ko sunan mutum ko filin Sallah, ragowar kuma ya ji kamar "a raba" ko Larabawa. Da yake unguwar cike take da Hausawa tun da daɗewa, sai labarin ya zauna daram. To amma a Yarabanci "idi" shi ne gindi, kamar yadda muke cewa gindin bishiya, "araba" kuwa ita ce bishiyar rimi. Idi-Araba dai Gindin Rimi ke nan, 'yar'uwar Rimin Gado da Rimin Kebe na ƙasar Kano.

Abin da ke tabbatar da wannan shi ne sunan ba shi kaɗai ba ne, yana da dangi. Akwai Idi-Oro a Mushin, akwai Idi-Iroko a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, wato gindin loko, akwai Idi-Mangoro a ɓangaren Agege, gindin mangwaro. Da a ce Malam Idi ne, da ya sha yawo. Kuma in Yarbawa za su ambaci filin Idi, "yidi" suke cewa, ba "idi" ba. Mu ma haka muke raɗa wa wuri suna da itacen da ake hutawa a inuwarsa: Kurnar Asabe, Durumin Iya, Gawon Nama a Sakkwato. Al'ummar da ke tafiya a ƙasa ɗauke da kaya, bishiya ce allon kan hanyarta.

Yadda kunnenmu ke lanƙwasa nasu, haka bakinmu ma. Eko, sunan da 'yan gari ke kiran tsibirin, shi ya zama Ikko a bakin fatake. Ibadan ta zama Badun, Onitsha ta zama Anacha, Port Harcourt ta zama Fatakwal. Ikko ta girmi Legas a Hausa, shi ya sa har gobe za ka ji dattijo ya ce ɗansa ya tafi Ikko neman kuɗi. Ita kuwa Legas daga Lagos ce, kalmar mutanen Fotugal mai nufin tafkuna, waɗanda jiragensu suka fara zuwa gaɓar nan a wajajen 1472, kuma akwai gari mai wannan suna a kudancin ƙasarsu. Shi kansa Eko ana ja a kansa: masu bin tarihin Benin suna cewa sansanin yaƙi yake nufi a harshen Bini, wasu Yarbawa kuma suna danganta shi da "oko", gona. Abin da ba a ja a kai shi ne sawun Benin yana nan a tsakiyar tsibirin, domin "idu" ko "idumu" da ke farkon Idumota da Idumagbo da Idunganran, inda fadar Oba, sarkin Legas, take, ana danganta ta da kalmar Bini mai nufin unguwa.

Mabuɗai kaɗan da ke buɗe rabin garin

Sunan wuri a Yarabanci, kamar a Hausa, yawanci gaɓa biyu ne: ta farko tana faɗin irin wurin, ta biyu tana bambanta shi da sauran. Mu muna da Tudun, Gidan, Unguwar, Rafin, Ƙofar, Zangon. Su kuma "oke" tudu ne, "isale" gangare, "oko" gona, "abule" ƙauye, "ile" gida, "oja" kasuwa, "ita" fili, "ebute" gaɓar da kwale-kwale ke tsayawa. Da waɗannan kaɗai sai ka ga garin ya fara magana. Isale Eko gangaren Eko ne, tsohon gari. Ebute Metta gaɓa uku. Abule Egba ƙauyen Egbawa, mutanen Abeokuta. Oko-Oba, inda babbar mayankar Agege take, gonar sarki ce. Ile-Epo gidan mai.

Mabuɗin da ya fi amfani, kuma ya fi rikita baƙo, shi ne "oni", wanda ya yi daidai da "mai" namu. Owode Onirin da ke kusa da ku, inda ake cinikin ƙarafa, mai ƙarfe ke nan. Onipanu mai kwano, kwanon rufi. Rikicin yana zuwa ne idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, sai "oni" ya narke ya koma "al" ko "el" ko "ol". Masara "agbado" ce, don haka Alagbado mai masara ne. Alagomeji da ke Yaba mai agogo biyu. Wanda bai san wannan ba, da ya ga "al" sai ya ɗauka Larabci ne irin na albasa da alƙali da almakashi. Na ga rubuce-rubuce da dama da suka faɗa wannan ramin.

Inda sawun Hausawa yake da gaske

Maƙwabcinka bai yi kuskure ba da ya ce muna da suna a ƙasar nan. Wurin da ya nema ne ba daidai ba. Sawunmu yana wurare uku: kasuwa, bariki da masallaci.

Ɗauki Sabo. Kusan duk babban garin Yarbawa yana da ita: Ibadan, Shagamu, Abeokuta, Ife, Ogbomosho, a Legas kuma akwai ta a Yaba da Ikorodu. Guntuwar Sabon Gari ce. Ta Ibadan an keɓe ta ga Hausawa a 1916. Dubi yadda abin ya juya: Sabon Garin Kano, wanda aka kafa jim kaɗan bayan layin dogo ya iso birnin a 1911, mazaunin 'yan Kudu ne, Sabo ta ƙasar Yarbawa kuwa mazaunin 'yan Arewa. Kalma ɗaya, manufa ɗaya, wato unguwar baƙi, amma baƙon ya danganta da inda ka tsaya.

Sango kuma zango ce. Yarabanci ba shi da sautin "z", sai ya mayar da shi "s", kamar yadda Zakariya'u ke zama Sakariyau. Inda ayari ko masu shanu ke sauka, nan ake samun Sango, irin ta Ota da ta Ibadan, a Agege kuwa har yau mutanenmu Zango suke cewa da bakinsu. A nan akwai tarko babba. Yarbawa suna da abin bautar gargajiya na tsawa mai suna Shango, wanda a rubutunsu "S" ce mai ɗigo a ƙasa. Masu rubuta allunan kan titi ba sa sa ɗigon, kamar yadda ake rubuta mana Kofar Mata ba lanƙwasa, sai sunayen biyu su fito iri ɗaya. Hanyar rabewa ita ce ka saurari kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas: "Sango" yake kira ko "Shango"? Ko wannan ma bai wadatar ba, don a karin harshen Ibadan da kewaye ana yawan furta "sh" kamar "s". Sai ka haɗa da karin sautin kalmar, ka kuma tambaya ko an taɓa yin kara ko masaukin fatake a wurin.

Alaba Rago da ke hanyar Badagry rabi da rabi ce. Rago a Yarabanci "agbo" ne, amma kasuwar ta ɗauki kalmar masu kawo dabbobin. Akwai ma inda sunan ƙasa ya koma sunan kaya. Kafin a fara noman goron da muke ci a yankin Agege da Ota da Shagamu, daga Gwanja ta ƙasar Gana ta yau fatake ke ɗauko shi. Har yanzu Yarbawa suna kiran wannan iri "gbanja" ko "goro", don su bambanta shi da nasu na gargajiya, "abata". Cinikin goron nan da tashar jirgin ƙasa su suka tara Hausawa a Agege.

Obalende kuwa zancen bariki ne. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ake lissafa ta a matsayin tushen soja da 'yan sandan Najeriya. A lura, a wancan zamani duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa, Bahaushe ake ce masa. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne an tashi waɗannan sojoji da iyalansu daga inda suke zaune aka mayar da su wannan wuri, sai aka kira shi da jimlar da ke nufin "nan sarki ya koro mu". Sunan dai ƙorafi ne da ya daskare. A gefensa akwai Barikin Dodan, fadar shugabannin soja har zuwa 1991. Bahaushe na jin sa sai ya tuna da dodo, alhali yana cikin jerin barikokin da aka sa wa sunayen wuraren da sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Arakan a Apapa da Myohaung a Yaba.

Addini a bakin tasha

Ga sashe na biyu na tambayarka. E, sunaye suna nuna addini, amma ba kullum addinin mazauna wurin na yau ba. Sun fi nuna abin da ya fi fice a wurin ranar da sunan ya kama.

Ojuelegba, mahaɗar nan da ba ta barci, sunanta na nufin wurin bautar Elegba, ɗaya daga cikin abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa. Liman da fasto duk suna faɗin sunan kullum, babu wanda ya ɗauka ya yi shirka, domin kalmar ta riga ta zama adireshi. Kada mu yi musu dariya: a Kano akwai Tsamiyar Boka, kuma Dutsen Dala da ake alfahari da shi, can ne tarihi ya ajiye Barbushe da Tsumburbura. Ajegunle na nufin arziki ya sauka, kuma "aje" ɗin nan sunan arziki ne, sunan abin bautar kasuwa ne, da shi ma suke kiran ranar Litinin. Sunan fata ne, irin Tudun Wada da Nasarawa.

Ta fuskar Musulunci, misalin da ya fi daɗi shi ne Moshalashi, tashar da za ka samu a Mushin da wasu unguwannin. Masallaci ne namu ya shiga Yarabanci, tare da liman da ya zama "lemomu", ladan ya zama "ladani", albarka ta zama "alubarika". Surulere na nufin haƙuri yana da riba, wato mahaƙurci mawadaci, kuma masana harshe suna mayar da "suuru" ɗin zuwa ga sabr ta Larabci. Sai dai kada a ɗauka komai ta hannunmu ya bi. Tsohuwar kalmar Yarbawa ta Musulmi ita ce "imale", wadda ake dangantawa da Mali, alamar cewa akwai hanyar da addinin ya shigo musu daga yamma. Kuma aron bai tsaya gefe ɗaya ba: agogo da ashana da gyale da akawu duk daga wurinsu muka karɓa.

A Agege, Markaz ta zama sunan titi da unguwa saboda makarantar Larabci ta Shaihu Adamu Abdullahi al-Ilori, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. A tsibiri akwai Masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. Attajiri Muhammadu Shitta ya gina shi, "Bey" ɗin sarauta ce daga Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ginin kuma salon waɗanda suka dawo daga bauta a Barazil ne. Su ake kira Aguda, unguwarsu Popo Aguda, a cikinsu akwai Katolika akwai Musulmi. Kiristanci ma ya bar nasa: tashar Cele da ke kan babban titin Oshodi zuwa Apapa guntun sunan cocin Celestial ne.

Oshodi ɗin kanta tana da jinin Arewa. Sunan yana komawa ga Oshodi Tapa, babban jarumin Oba Kosoko na Legas, kuma "Tapa" shi ne Banufe a bakin Yarbawa. Bayan Turawan Ingila sun kori Kosoko a 1851 ya koma Epe, da aka yi sulhu jama'arsa suka dawo a 1862, inda suka sauka shi ne Epetedo, mazaunin mutanen Epe. Haka Gambari a Ilori take unguwar Hausawa, Ayagi a Kano ta Yarbawa, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari.

Sunan gwamnati da sunan baki

Akwai wani rukuni da ba jama'a suka raɗa ba, hukuma ce ta sa da takarda. Turawa sun bar Victoria Island da gadar Carter da Mile 12 ɗinku, wanda ƙidayar mil ce kawai a kan hanya, kamar Mil Tara a Kano. Bayan 'yanci aka shiga sauya su don gina ƙasa. Filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila a 1960 ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma da yake 'yan bokon Arewa na farko sukan ɗauki sunan garinsu, sai ga sunan wani gari na Bauchi zaune a tsakiyar Ikko. Filin jirgin sama na Ikeja ya karɓi sunan Murtala Muhammed bayan kashe shi a 1976. Festac daga bikin al'adun baƙar fata na 1977 ta samo nata. A Ebute Metta akwai titin Kano da na Borno da na Jebba.

Irin wannan suna yana kamawa ne idan bai ci karo da baki ba. Broad Street an taɓa mayar da shi titin Yakubu Gowon, daga baya ya koma sunansa. A 2012 gwamnatin tarayya ta sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, maganar ta mutu. A tsarin mulkin 1999, raɗa wa tituna suna da lambar gidaje aikin ƙaramar hukuma ne, don haka ƙungiyar 'yan kasuwa da ke son a sa wa layi sunan wani dattijonta, can za ta kai takarda. Amma allo ba ya tilasta wa kwandasta. In shekara ta zagayo yana kiran tsohon suna, sabon ya zama ado.

In kana son bin diddigin wani suna

Yadda nake yi, ba na fara da tambayar ma'ana. Nakan sa ɗan asalin unguwar, dattijo in da hali, ya furta sunan sau uku a cikin magana, in ɗauka a waya, domin Yarabanci harshe ne mai karin sauti uku, kuma rubutun kan allo ya zubar da su duka. Ka tuna yadda gari na zama da gari na tuwo suke a rubuce. Daga nan sai in raba sunan gaɓa-gaɓa, in nemi danginsa: in fassarar ta yi aiki a suna uku ko huɗu masu irin ginin, ta tsaya da ƙafarta. Sannan a nemi tsohon rubutu, a taswirar zamanin Turawa ko takardar fili ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Ibadan, a tuna kuma Bature yakan ɓata suna, shi ya mayar da Oba Dosunmu, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar 1861, ya zama Docemo. A ƙarshe a ji ta bakin ɓangare biyu, fadar Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da fadar Sarkin Hausawa, kowanne shi kaɗai. Inda aka fi yin ɓarna shi ne karɓar labarin da ya fi daɗin ji. Duk labarin da ya zo da mutum ɗaya da magana ɗaya da ya faɗa rana ɗaya, a riƙe shi da hannu biyu-biyu har sai an samu shaida ta daban, kuma na Obalende ma yana cikin wannan layin, duk da cewa zaman sojojin a wurin tabbas ne.

Da wannan ma'auni, ga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar a Ikeja. Gininta na Yarabanci ne, "oni" ɗin nan da ya narke ya zama "al". Saura kalmar da ke biye. Yarbawa suna kiran Bahaushe "Awusa", sai sunan ya ba da wurin da Hausawa suke. Amma "awusa" har ila yau sunan wani ɗan itace ne mai ɓawo da ake dafawa ana sayarwa a bakin titi, wanda wasu ke kira "asala", sai ya ba da wurin da itacen yake, irin Alagbado. Nahawu ya yarda da duka biyun, karin sauti a bakin tsofaffin Awori, Yarbawan asalin yankin, da tsohuwar takarda su za su raba gardama. Ko da ta tabbata Hausawa ake nufi, suna shaidar zama ne, ba takardar mallakar ƙasa ba. Sabon Garin Kano bai zama na Ibo ba don sun cika shi, kuma wannan magana ce da ya kamata a riƙa taunawa kafin a furta ta a kasuwa irin taku, inda ƙaramar gardama kan iya zama babba.

Wani abu da ya shafi sana'arka kai tsaye: da yake sunayen nan siffa ce, suna maimaituwa. Sabo tana Yaba tana Ikorodu, Aguda tana Surulere tana Ogba, Moshalashi ta fi ɗaya, Ajegunle kuwa akwai ta ɓangaren Apapa, akwai wadda ke gaba da ku a hanyar Ikorodu, akwai ta hanyar Abeokuta wajen Alagbado. In za ka yi wa direban da ya taso daga Kano ko Zariya da lodin tumatir kwatance, kada ka ba shi suna ɗaya tilo. Haɗa masa da ƙaramar hukuma da babbar tashar da ke kusa, ka ce Ajegunle ta hanyar Ikorodu, bayan Owode Onirin, ka kuma sa a rubuta haka a takardar kaya. In ba haka ba ya bi taswirar waya ya faɗa cunkoson tankokin Apapa, kwandunan su kwana a mota.